Tutar da Gefenta Ya Yi Rawaya

Mashin ɗin fotokopi mai kala ba ya da ruwan lemu, ba ya da tsanwa. Garin tawada huɗu gare shi: shuɗi irin na sama, ja irin na zoɓo, rawaya da baƙi. Na san haka don ranar da babu karatu ina kama wa kawuna aiki a shagonsa, bakin iniversite.

Kun tuna muna yara, mu goga biro a gashi ya ɗauki guntun takarda? To, shi ne dai. A mashin ɗinmu kowane launi da gangarsa. A cika ta da caji, hasken laza ya zana hoton a kanta, garin ya manne wurin da aka zana, ya sauka kan wani bel mai juyawa. Launi huɗu, ɗaya bisa ɗaya, sannan su hau takarda, zafi ya gasa su kamar guga. Tun 1938 Chester Carlson ya gwada dabarar a Amurka, amma ba da kala ba.

Wahalar ita ce su huɗun su sauka wuri guda. Ɗauki tutarmu ta Nijar: lemu ja ne da rawaya, tsanwa kuma shuɗi ne da rawaya. In rawaya ya zame ko da kaurin gashi biyu, sai ka ga da'irar tsakiya ta yi baki rawaya a gefe ɗaya. A hoton mutum abin ya fi muni, ido kamar na wanda bai yi barci ba. Wata ɗaliba ta kawo taswirar memuwarta ana gobe sutnans, koguna suka fito da inuwa, ta kusa kuka. Kuɗin kala ba wasa ba ne.

Zafi ne ke jawo shi, ƙarfe da roba su ɗan buɗe. Shi ya sa mashin kan tsaya tsakiyar aiki yana gurnani: ƴan alamomi yake bugawa kan bel ɗin, wani ido a ciki ya auna tazararsu, ya gyara lokacin da kowane launi zai fara. Mutane na cewa «Malam, ya mutu ne? Kashe ka kunna mana!» Ni ba na kashewa. Lokacin hunturu ƙura kan rufe idon, sai kawu ya buɗe ya share da tsumma mai laushi.

Da za mu buga bangon wannan ɗan littafi, na roƙi ƴan ƙungiya a bar ƙananan haruffa da baƙi zalla. Launi ɗaya ba ya da abokin da zai zame masa. An ɗan yi gardama, masu son ja sun fi yawa, amma duba bangon.