Takardar AA da Aka Turo ta WhatsApp



Saura wata biyu bikin ƙanwata a Kiru, sai saurayinta ya turo mana hoton sakamakon gwajin jininsa ta WhatsApp: AA. Ita AS ce, don haka kowa ya yi hamdala. Na tambaye shi asibitin da ya je, ya ce ai ba asibiti ba ne. Talla ya gani a Facebook, ya tura kuɗi, aka sako masa ɗan kwali a motar Kwanar Dangora, ya ɗiga jini ya mayar, sakamako ya shigo waya.

Gabana ya faɗi. Ɗan yayata da ke Tudun Wada mai sikila ne, na san yadda ciwon ƙashi ke hana gida barci. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu ya zo da SS.

Na lallaɓa Baba ya sa a sake gwajin a asibitin gwamnati. Sakamako ya fito AS. Aka fasa auren, ƙanwata ta yi wata guda ba ta yi min magana ba.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma takardar asibitin da gwamnati ta amince da shi take nema. Amma wa ke bin sawun mai tallar gwaji a intanet, wanda ba shi da shago balle adireshi? Hukumar MLSCN ce ke rajistar ɗakunan gwaji, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan ƙwayar halitta cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Har yau ba mu san inda jinin bawan Allahn nan ya tafi ba.

Ko a Amurka, sai da hukumar FDA ta hana kamfanin 23andMe sayar da gwajin lafiya a 2013 har ya cika sharuɗɗa. Da ya karye a 2025, miliyoyin mutane suka shiga fargabar wa zai gaji bayanansu.

Roƙona kaɗan ne: a tilasta wa mai irin wannan tallar ya nuna lambar rajistarsa, waliyyai da limamai kuma su daina karɓar hoton takarda.

Mu da muke cika littafi da soyayya, ga labari nan a ƙofar gidanmu.