Mai garkar albasa da ranar hutu

Labarin wanga wata na wani mai garkar albasa ne a fadamar Tarka, cikin ƙasar Madawa. Kirista ne. Gidajen Kirista ba su da yawa a garinsu, maƙwabtansa na garka duk Musulmi ne. Amma abin da ya same shi yana iya samun kowane mai neman na kansa.

Albasa ba ta barin mai ita shi zamna

Kowa ya san wuyar albasa. Ana zuba iri bayan an kai hatsi gida, wajen watan Oktoba ko Nuwamba. In ya yi kwana 40 zuwa 50 sai a dasa cikin fangali. Daga nan ban ruwa ne, da cirar haki, da sa taki, har watan Maris ko Afirilu. Albasar Galmi ta yi suna. Manyan motoci suna ɗaukarta zuwa Gana, Abijan, Kwatano da Lome. Akwai kuɗɗi cikinta, kuɗɗi kuwa suna jan mutum.

Mutumin nan ya fara da guga da ƙwarya a garkar ubansa. Da ya ga riba sai ya ci bashi ya sai injin ban ruwa. Ya ari wani wuri, ya ƙara fangali. Ya koma har shina sayen albasar wasu shina sayarwa. Tun asuba shina garka, sai dare ya raba shi biyu shi komo gida. Da farko ya riƙa barin aiki ran Lahadi shi tahi majami'a. Daga baya sai shi leƙa sujada shi hita tun ba a ƙare ba. Daga baya kuma ya bar zuwa.

Wata rana matarsa ta ce mishi: "Maigida, yaushe rabonka da cin tuwo tare da ɗiyanka?" Ya ce: "Bashi bai san Lahadi ba. Bari a cire albasa, sa'an nan in huta."

Ranar da jiki ya ƙi

Ba a kai ga cirar albasa ba. Cikin watan Maris, lokacin da zahi yake wuce 40 a ma'auni, ya faɗi bakin rijiya da tsakar rana. Anka ɗora shi bisa amalanke zuwa gidan likita. Likita ya ce masassarar cizon sauro ce ta iske jiki gajiye, ba barci, ba isasshen ruwa. Ya yi kwana goma kwance.

Babu wanda ya san kan injin sai shi, don bai taɓa koya ma kowa ba. Yaron da ya ɗauka aiki ya yi iyakar ƙoƙarinsa da guga. Da ya tashi, ya iske rabin garka ya bushe. Mai bashi kuwa shina jira.

Hasarar albasa ba ta kai ta zuciya ba. Mutumin da yake rigan kowa tashi ya koma ba shi son ganin garka. Ya ce za shi sai da injin, shi biya bashi, shi tahi biɗa Abijan kamar sauran samarin Adar.

Maganar dattijo

Wani dattijon majami'arsu ya zo gaishe shi. Bai yi mishi faɗa ba. Ya tambaye shi: "Ɗana, in injinka ya yi zahi, mi kake yi?" Ya ce: "Ina kashe shi shi huce, Baba." Ya ce: "In baƙin mai ya tsufa fa?" Ya ce: "Ina canza shi." Dattijo ya ce: "To, ƙarhe ka ji tausainsa. Kai da aka yi da nama da jini fa?"

Ya tuna mishi abin da ya sani tun shina yaro: Littahi Mai Tsarki ya koyar da aikin kwana shidda da hutun rana ta bakwai, har gona ma an ce a bar ta ta huta shekara guda cikin bakwai. Ya ce wanda ba shi iya aje aiki yini guda, shina gani kamar ƙarhinsa kaɗai ke ciyar da gidansa, ya manta da mai bayarwa.

Mai garka ya ce: "Baba, na ji. Amma albasa tana jin ƙishirwa ran Lahadi. Wa za shi ba ta ruwa?" Dattijo ya ce: "Ka tambayi wanda kuke iyaka da shi?"

Ashe maƙwabcin shi ma shina da irin wannan damuwa. Masallacin Juma'a shina babban gari, tahiya da komowa suna cinye mishi yini. Da ya ji maganar sai ya ce: "Maƙwabci, ai da ka faɗi tun da wuri. Ka duba tawa ran Juma'a, in duba taka ran Lahadi." Sunka shirya haka, kowa ya koya ma ɗan'uwansa injinsa. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.

Hutu ma shirya shi ake

Mutumin nan ya yi karatun yaƙi da jahilci. Ya sai ɗan littahi ya rubuta tsarin aikinsa. Ga abin da ya yi:

1. Ya mai da wurin da ya ara. Ya riƙe fangalin da shi da mutum biyu za su iya shayarwa.

2. Ran Asabar shina ba garka ruwa sosai. Ran Lahadi maƙwabci ba shi da aiki mai yawa, sai duba sabon dashe da wurin da ya bushe.

3. Shina ban ruwa da sahe da marece. Da tsakar rana shi kwanta inuwa. Ruwan da anka zuba cikin zahin rana, da yawansa iska ke sha, man inji kuwa ya ƙone banza.

4. Ya gina rudu. Lokacin cira kowa na kai albasa kasuwa, kuɗɗinta su faɗi. Bayan ƴan watanni su tashi. Mai rudu ba dole ne shi bi kowace kasuwa da gudu ba. Kuma shina tsai da ban ruwa kamar sati biyu kahin cira, don albasar da ta sha ruwa har ranar cira ba ta daɗewa cikin rudu.

Kada ku ce bai rasa komi ba. Akwai Lahadin da dillali ya zo da mota da kuɗɗi masu kyau, ya iske shi majami'a, ya wuce wurin wani. Abin ya yi mishi ciwo. Bashi bai biyu cikin shekara guda ba, sai da ya yi rani biyu. Amma ya biya, injin na nan, kuma bai tahi biɗa ba.

Abin da ke tada zuciya

Har yanzu akwai ranar da zuciyarsa ke sanyi, in tsutsa ta shiga garka ko ciniki ya faɗi. Irin wannan rana shikan tuna abin da ya gani wajen yawon sayen albasa. A fadamar Majiya, ƙasar Buza, tun 1975 anka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska. Waɗanda sunka dasa sun yi shekaru kahin su ga inuwa. A Keita, daga 1984, bayan babban fari, anka kama aikin raya ƙasa da taimakon Italiya. Mata ne sunka hi yawa wajen ɗaukar duwatsu da ginar ramu bisa tuddai. Faƙon da babu ko haki ya koma da itatuwa. Babu ɗaya cikin ayyukan nan da anka gama cikin rani guda. Shikan ce ma ɗansa: "Garka aikin shekaru ce, sai a tanadi jikin da za shi kai shekarun."

Jama'a, makiyayi ya san saniyar da anka tatse ƙarƙaf ɗanta ke ramewa. Manomi ya san gonar da ba ta samu saura ko taki ba tana gajiya. Kowa shi duba addininsa da jikinsa, shi san ranar da za shi aje aiki. Shi kuma nemi wanda za shi riƙe mishi, shi ma shi riƙe ma wani. In kun taru wurin karatu, ku tambayi junanku: in ciwo ya kwantar da ɗayanku gobe, wa ya san kan garkarsa ko garkensa? Lahiya uwar jiki. Allah shi ba da rani mai albarka.