Wa zai biya wa manomi kuɗin magani?

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a ƙasar Matamaye. Ɗalibaina manoma ne, masu gero da rake, da masu zuwa cin rani Daura da Kano. Takardar da suka fi kawo mini in karanta masu ita ce takardar magani. Kafin in gama karanta sunan maganin, mai ita ya riga ya tambaya: "Malam, nawa ne?"

Ma'aikacin gwamnati idan ya kwanta asibiti, gwamnati tana ɗauke masa kashi 80 cikin 100 na kuɗin. Manomi kuwa akuyarsa ce madogararsa. Ga shi zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙarfi cikin Agusta da Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon gero bai shigo gida ba. Mai saye ya san kana cikin matsi, yadda ya ga dama zai taya.

Gwamnati ta yi ƙoƙari, sai a faɗa. A 2005 an mai da aikin fiɗa na haihuwa kyauta. A 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. A Satumba 2024 an rage rabin kuɗin da ake biya a asibitocin gwamnati. Amma ku gane yadda kyautar take: gidan likita shi ke ba da maganin, ya aika lissafi, ya jira a biya shi. An yi shekaru biyan yana makara. In ya makara, magani sai ya yanke, a rubuta maka takarda ka je ka saya.

Akwai kuma waɗanda kyautar ba ta kai gare su ba: tsoho mai hawan jini, mai ciwon sukari, da yaro mai sikila. Wani ɗalibina yana da irin wannan yaro. Ranar da ya cika shekara 5 kyauta ta ƙare, ciwo bai ƙare ba. Duk lokacin sanyi sai ya tashi masa. In aka ce a wuce da shi babban asibitin Damagaram, ga kuɗin mota, ga abincin mai jinya. Bara gonar rakensa ya jinginar.

An taɓa gwada wata dabara a ƙasarmu. A 1993, a Boboye, kowane mai biyan haraji ya ƙara dala 40 a shekara, sannan in ya je likita ya ba da dala 10 kawai, yaro dala 5. A Sayi kuwa marar lafiya shi kaɗai ke biya, dala 40 duk ciwo. Da aka duba, sai aka ga a Boboye masu zuwa likita sun ƙaru, har da mata da talakawa. Duk da haka hanyar Sayi ce ta bazu cikin ƙasa.

Da na ba ɗalibai wannan labari, muka yi shawarar kafa asusun magani. A zuba da kaka, lokacin da kowa ke da ɗan abu, a rubuta cikin littafi da Hausa don kowa ya iya dubawa. Sai gardama ta tashi. Wasu suka ce kada a sa masu ciwon da ba ya warkewa, za su cinye asusun. Ban yarda ba, don mai wannan magana shi ma zai tsufa. Amma lissafinsu ba ƙarya ba ne: asusun ƙauye ɗaya ba zai ɗauki mai sikila shekara da shekaru ba, sai an haɗa garuruwa da yawa, gwamnati kuma ta zuba rabon wanda ba shi da ko dala.

Mun tsai da magana cewa ba a cire kowa. Ma'aji biyu za a zaɓa, mace da namiji, bayan an yanke gero.