Jego a Ƙasar Ƙanƙara

Ɗalibai, idan akwai taswirar duniya a ajinku, ku ɗora yatsa a kan Nijeriya ku yi ta hawa arewa. Ku wuce Nijar da hamadar Sahara, ku tsallake Bahar Rum, ku ratsa Turai har ku isa Tekun Baltik. A bakin wannan teku za ku ga Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan. Rasha ce maƙwabciyarta ta gabas, Suwidin ta yamma, Norwe kuma ta arewa. Ƙasa ce ta dazuzzuka da tafkuna, mutanenta kimanin miliyan 5.6 ne, wato ba su kai yawan mutanen jihar Kano ba.

A nan muke zaune, mata da miji, saboda aikin bincike da maigida ya samu a jami'a. A nan kuma Allah ya ba mu 'yarmu ta fari a watan Nuwamba, daidai lokacin da hunturu ke kankama. Mun san da yawa daga cikinku na burin karatu ko aiki a ƙasar waje, shi ya sa muka ga ya dace mu ba ku labarin abin da ba a cika gani a hotuna ba: yadda rayuwa take idan jariri ya zo alhali dangi suna nesa.

A Finlan gwamnati ce ke riga kowa kawo kayan barka, tun ma ba a haihu ba. Hukumar kula da jin daɗin jama'a da ake kira Kela takan aika wa mai ciki wani ƙaton kwali. A ciki akwai riguna da wanduna, da huluna da safa, da rigar sanyi mai kauri wadda ke rufe jariri daga kai har ƙafa, da bargo, da tawul, da almakashin yanke farce, da ma'aunin zafin ruwan wanka, da ɗan littafi mai hotuna. A gindin kwalin akwai 'yar katifa daidai faɗinsa, idan aka kwashe kayan sai kwalin ya zama gado. A ciki 'yarmu ta kwana har ta yi wata uku. Da muka tura hoton gida, wata gwaggonmu ta kira hankali a tashe, tana tambaya ko babu ce ta sa muka kwantar da jinjira a kwali. Sai da muka yi mata bayani cewa mai kuɗi da talaka duk iri ɗaya ake ba su kafin ta natsu.

Wannan kwali yana da tarihi. An fara rabon sa a 1938 ga mata masu ƙaramin ƙarfi, lokacin da Finlan take fama da talauci. A shekarun 1930, cikin jarirai 1,000 da aka haifa, kimanin 65 kan rasu kafin su cika shekara. A 1949 aka ce kowace mai ciki za ta samu, amma da sharaɗin sai ta je awon ciki kafin cikin ya wuce wata huɗu. Dabarar ke nan: kyautar ta ja mata zuwa wurin ma'aikatan lafiya. Yau jariran da ke rasuwa a shekarar farko kusan 2 ne cikin 1,000. Awo da rigakafi da ruwa mai tsabta da haihuwa a asibiti ne suka yi wannan aiki, kwalin kuma ya taimaka wajen kai mata bakin ƙofa.

Wurin awon sunansa neuvola, ma'ana wurin ba da shawara. Wani likitan yara mai suna Arvo Ylppö ya buɗe na farko a Helsinki a 1922, sannan a 1944 doka ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta samar da shi. Kyauta ne. A shekarar farko kusan duk wata ake kai jariri, a auna nauyi da tsawo da zagayen kai, a yi rigakafi, a rubuta komai a kati. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba mu tun ciki yana ƙarami ita ce ta zo har gida bayan haihuwa, ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ake yi a nan, ta zauna ta ga yadda jinjira ke kama nono.

Ranar suna ce ta fara nuna mana nisan gida. Kun san yadda take a wurinmu: bayan sallar asuba maza sun cika ƙofar gida, liman ya yi addu'a, an raɗa suna, an raba goro da dabino, an yanka rago, wanzami ya yi aski, da yamma mata sun cika tsakar gida ana shewa. Mutanen Finlan su ma suna ɓoye sunan jariri, sai dai nasu ɓoyon yakan kai wata ɗaya ko biyu, har ranar bikin da za a bayyana shi, doka kuma ta ba iyaye wata uku su yi rajistar suna. Mu dai mun yi huɗuba a kunnen yarinya ranar da aka haife ta, muka jira kwana bakwai. Da yake a hawa na huɗu na wani bene muke, babu inda za a ɗaure rago balle a yanka, sai muka aika kuɗi Katsina aka yi komai a gidan kakanni, mu kuma muna kallo ta WhatsApp. A falonmu baƙi uku ne: wani ɗalibi ɗan Damagaram, da wata ma'aikaciyar jinya 'yar zangon Kumasi, da maƙwabciyarmu 'yar Somaliya. Muka ci waina da miyar taushe da aka yi da kabewar kanti. Can a waya ana guɗa, nan kuma muna rage murya don kada mu dami maƙwabta.

Sai batun jego. A al'adarmu mai haihuwar fari takan koma gidan iyayenta, ta yi kwana arba'in ana yi mata wankan ganye safe da yamma, ana dama mata kunu, ana gasa mata nama da yaji, aikinta kawai ta ci ta shayar ta huta. Mun so kakar yarinya ta zo, amma kuɗin jirgi da neman biza da tsoron sanyi ga dattijuwa suka hana. Abin da ya ba mu dariya shi ne, mutanen nan su ma sun yarda da zafi. Suna da ɗakin gumi da ake kira sauna, ɗaki ne na katako mai murhu da duwatsu, ana watsa wa duwatsun ruwa tururi ya tashi. A da can a cikinsa matan karkara ke haihuwa, domin shi ne ɗaki mafi tsabta da ɗumi a gida. Benenmu ma yana da ɗaya, kowane gida da sa'arsa a mako. Mai jego ta jira sai da ta warke sannan ta shiga, wankanta na kullum kuma da ruwa mai ɗumi ta yi. Likitocinmu na gida ma sun daɗe suna gargaɗi cewa ruwa mai tsananin zafi da yawan shan kanwa na iya wahalar da zuciyar mai jego.

Wanda ya tsaya a madadin kaka shi ne maigida. Tun watan Agusta na 2022 dokar Finlan ta ba uwa kwana 160 na hutun reno, ta ba uba ma kwana 160, ana biyan su wani kaso na albashi. A gida uba yakan yi kunyar ɗan fari, ko ɗaukarsa ba ya yi a gaban manya. A nan babu wanda za a miƙa wa, saboda haka kunya ta koma gefe. Maigida ya koyi wankan jinjira, da canza ƙunzugu, da dama kunun gyaɗa, da jijjiga cikin dare har barci ya zo. Idan ka fita da hantsi za ka ga maza rututu suna tura keken jarirai, babu mai waiwayen su.

Hunturun nan ya wuce duk sanyin da kuka sani na watan Janairu. A ƙarshen Disamba rana kan fito a Helsinki bayan ƙarfe tara na safe, ta faɗi jim kaɗan bayan uku na yamma. Azahar da la'asar da magariba duk sukan shigo cikin awa uku. Saboda ƙarancin rana, tun jariri yana da mako biyu ake fara ɗiga masa sinadarin bitamin D kullum don ƙashinsa ya yi ƙwari. Mu masu baƙar fata ma an ce mu riƙa sha, domin fatarmu ta fi buƙatar rana kafin ta samar da shi. Fita kuwa aiki ce: a sa wa yarinya rigar ciki, a ɗora ta ulu, a zura ta cikin rigar sanyi, a sa hula da safar hannu, wani lokaci ana gamawa sai a ji ta ɓata ƙunzugu a koma farko. Goyo da zani sai a cikin ɗaki, don ƙanƙara tana da santsi, faɗuwa da goyo kuwa ba wasa ba ce.

Al'adar da ta fi girgiza mu ita ce barcin jarirai a waje. Za ka ga an naɗe jariri an kwantar a kekensa a baranda ko a tsakar gida, ƙanƙara ta rufe ko'ina, yana ta sharar barci. Sun ce iska mai sanyi na sa barci ya yi tsawo. Mun daɗe muna ja da baya, daga bisani muka gwada a barandarmu, na minti ashirin, ɗayanmu na tsaye a kanta yana taɓa ƙeyarta don jin ɗumin jiki. Ta yi barcin da ba ta taɓa yi a ɗaki ba. Duk da haka, idan sanyi ya wuce 10 ƙasa da sifiri mukan haƙura.

Duk waɗannan ana sabawa da su. Abin da ya fi nauyi shi ne shiru. A yawancin benaye akwai ƙa'idar cewa daga ƙarfe goma na dare zuwa bakwai na safe ba a hayaniya. Kukan jariri ba laifi ba ne, kowa ya san haka, amma kuma babu mai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Kawo ta nan, je ki kwanta." A gida jinjiri daga hannu sai hannu: kaka, gwaggo, maƙwabciya, yayye da suka dawo daga makaranta. A nan hannu huɗu ne kawai, kuma idan maigida ya koma aiki su zama biyu. Akwai ranakun da mai jego takan wuni ba ta yi magana da babban mutum ba, ga duhu tun la'asar. A neuvola sukan ba iyaye mata takardar tambayoyi kan barci da kuka da fargaba, domin ciwon damuwa bayan haihuwa ciwo ne na gaske, yana kama mata a ko'ina, har da garuruwanmu, kuma yana da magani idan an faɗa da wuri.

Shawarar da ma'aikaciyar jinya ta ba mu gajeriya ce: ku fita kullum, ku nemi mutane. Birnin ya sauƙaƙa hakan, domin duk wanda ke tura ƙaramin yaro a keke ba ya biyan kuɗin bas ko jirgin ƙasa na cikin gari. Muka fara zuwa filin wasan yara na unguwa, inda akwai ɗaki mai ɗumi da iyaye ke haɗuwa da safe. Muka riƙa zuwa babban ɗakin karatu na Oodi da aka buɗe a 2018, wanda ke da sashen yara da wurin ajiye kekuna. Ranar Juma'a sai masallaci, inda muka san cewa Musulunci ya daɗe a ƙasar, don Tatar da suka zo daga Rasha sun kafa ƙungiyarsu tun 1925. Sannu a hankali muka tara dangi na aro. Maƙwabciyarmu 'yar Somaliya takan shigo bayan la'asar ta karɓi yarinya awa guda, ta ce, "'Yar'uwa, shiga ki rintsa." Wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke hawa na ƙasa, wadda gaisuwarta ba ta wuce gyaɗa kai, ta rataye mana safar ulu da ta saƙa da hannunta a marikin ƙofa. Zumunta a ƙafa take, ko a ina mutum ya sami kansa.

Akwai kuma abin da mu kaɗai za mu iya ba 'yarmu, wato harshe. Idan ta shiga gidan reno za ta kama yaren Finlan cikin 'yan watanni. Hausa kuwa idan ba ta ji a bakinmu ba, babu inda za ta ji. Ma'aikatan lafiya da kansu suna ƙarfafa iyaye baƙi su riƙa yi wa 'ya'yansu harshen gida. Saboda haka da Hausa muke yi mata tawai, da Hausa muke rarrashi, duk Lahadi kuma a kira Katsina kakanni su yi mata wasa ta waya, domin kada ta tashi ta kasa gaida su.

To ɗalibai, ga abin da muke so ku riƙe. Idan kuna da yaya ko inna mai ciki, ku tuna mata ranar awo, ku raka ta idan da hali. Idan akwai jinjiri a gidanku, ku san inda katin rigakafinsa yake da ranar komawa. Idan kuma kun dawo daga makaranta aka ce ku riƙe ƙaninku Umma ta ɗan huta, kada ku tura baki, wannan awa ɗaya da kuke gani ita muka fi nema a nan muka rasa.

Yanzu rana ta fara tsawo, ƙanƙara na narkewa a gefen titi, 'yarmu kuma ta fara zama. Zuwa watan Yuni hasken rana zai kai kusan awa 19 a Helsinki. A lokacin muke fatan ɗaukar hutu mu kawo ta gida, in Allah ya yarda, a yi mata yawon arba'in ɗin da ta makara, gida gida, kowa ya ɗauke ta ya sa mata albarka.