Idon inji a bakin tabkin Madarunfa

A farkon damina wani abokina mai sana'ar hoto ya ara mini kyamararsa, Canon EOS R5, samfurin 2020. Ya ce da kanta take neman idon tsuntsu, ta bi shi duk inda ya nufa, tana ɗaukar hoto har 20 cikin daƙiƙa guda. Da asuba na nufi tabkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, domin in gwada.

Shamuwa ta fara tashi. Ɗan murabba'i ya sauka a kan idonta cikin madubin leƙawa, bai sake ta ba har ta ƙetare ruwa. Gashin fiffikenta ya fito ɗaya bayan ɗaya. Balbela kuwa, da ta shige ciyawa, sai injin ya rikice, ya kama ciyawar ya bar tsuntsuwa cikin dishi-dishi. Nan dole yatsana ya karɓi aiki.

Amma gauraka na zo nema, mai tukkun zinariya, wanda muke gani muna yara. Har rana ta take, shiru. Na tambayi wani dattijo masunci.

"Baba, ina gauraka?"

"Malam, rabona da kukansa an yi shekaru."

Ran Litinin na nuna wa ɗalibaina hotunan. Sun yaba da kyawonsu. Da na ambaci gauraka, suka tambaye ni sunansa da Faransanci, ko sa gane. Na rubuta sunayen biyu a allo, na rasa hoton da zan liƙa a ƙarƙashinsu.