Tsakanin Faɗuwa da Ƙarasawa

Bayan na kammala digiri na biyu, na ɗora wa kaina wani aiki da ba wanda ya sa ni: mayar da dokokin faɗa na wasan Dungeons & Dragons zuwa Hausa, domin amfanin mu biyar da muke haɗuwa kowane daren Asabar. Wasa ne da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ana yin sa da baki a kewayen tebur. Kowane ɗan wasa yana riƙe da tauraro guda, jagoran wasa yana ba da labari tare da sarrafa abokan gaba, sannan a jefa ƙwaya irin ta lido, mai fuska 20, domin a san ko abin da aka yi niyya ya yiwu. Kowane tauraro yana da adadin maki da na kira makin rai, wanda sara da suka ke zaftarewa.

Fassarar ta tafi lami lafiya har na iso inda makin rai ke ƙarewa. A dokokin 1974 babu wani dogon zance: maki ya ƙare, tauraro ya mutu. Bugu na uku, na shekarar 2000, ya shimfiɗa tazara. Wanda makinsa ya sauka tsakanin -1 da -9 yana kwance magashiyan, yana asarar maki guda a kowane zagaye in jinin bai tsaya ba, sai ya kai -10 ya cika. Bugun ya kuma ware rukunin waɗanda ba su iya kare kansu: mai barci, da sumamme, da ɗaurarre, da wanda jikinsa ya sandare. Irin waɗannan aka tanadar wa sara na musamman mai sunan Faransanci, ku-da-giras, wato saran jinƙai. Mai yin sa zai ba da zagayensa gaba ɗaya, saran ba ya kuskure, ɓarnarsa kuma ninki ce. Ko wanda aka sara ya jure, sai ya yi jifan tsira ya cimma 10 haɗe da yawan ɓarnar, in ya gaza ya mutu nan take.

Bugu na biyar, na 2014, wanda muke wasa da shi, ya cire wannan suna amma ya bar aikin. Tauraron da makinsa ya ƙare yakan suma, ya riƙa jefa ƙwaya a kowane zagaye: 10 zuwa sama nasara, ƙasa da haka faɗuwa. Nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya tafi. Duk saran da ya sami sumamme daga tazarar da ba ta wuce ƙafa 5 ba ana lissafa shi mai ninki, kuma yana cin faɗuwa biyu lokaci guda. Akwai kuma ƙofa ta ɗaya ɓangaren: wanda ya kayar da abokin gaba da makamin hannu yana da zaɓin ya sumar da shi kawai, ya bar shi da rai.

Ban gane nauyin waɗannan ƙa'idoji ba sai wani dare da nake jagora. Ɗaya daga cikinmu ya shafe watanni yana rainon wani mai takobi, har ya rubuta masa tarihi shafi huɗu. Makonni biyu kafin nan, mai takobin ya kayar da ƙanin shugaban wasu 'yan fashi. Na tuna masa cewa doka ta ba shi damar sumar da yaron. Ya yi dariya ya ce a wuce wurin. A wannan dare sai ga shi kwance a gaban yayan, makinsa ya ƙare, ya riga ya faɗi jifa ɗaya. Sauran taurari suna nesa. Lissafin a fili yake ga kowa: ɗaya da biyu uku ne.

Ina da mafita. Zan iya juyar da ɗan fashin zuwa ga waɗanda ke tsaye, kuma babu wanda zai ce na karya doka. Amma na tambayi kaina abin da mutumin da aka kashe wa ƙane zai yi, na ɗauki ƙwaya na jefa. Saran ya samu. Abokina ya daɗe yana kallon takardarsa, sannan ya ninke ta ya ce, "Malam, ba ƙwaya ce ta kashe shi ba. Kai ne." Asabar biyu bai zo ba.

Na so in kare kaina da doka, sai na ga dokar ce ta fallasa ni. Inda ƙarewar maki ke nufin mutuwa, sa'a ce ke ɗaukar alhaki. Da zarar an raba faɗuwa da mutuwa, an samar da wani ɗan lokaci da dole wani ya yanke shawara, kuma kowa na gani. Shi ma abokina ya tsaya a irin wannan lokaci makonni biyu baya, ya zaɓa. Ƙa'idojin suma da sandarewa, waɗanda na ɗauka lissafi ne kawai, su ne inda wasan ke tambayar halin mai wasa.

A nan Hausa ta nuna mini abin da na kasa gani a Ingilishi. Na fara rubuta "kisa", sai na tuna filin dambe, inda ake cewa an yi kisa idan ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa, alhali wanda aka kashe zai miƙe ya karkaɗe jikinsa. Wannan kisa ya fi dacewa da ƙarewar makin rai. Sara na biyu kuwa yana da tasa kalmar: ƙarasawa. Ba a ƙarasa sai abin da aka riga aka fara, ko aiki ne, ko tafiya, ko wanda ke kwance. Kalmar ba ta yi alkawarin tausayi ba, ba ta kuma yi zargin mugunta ba. Ta dai nuna cewa akwai wanda ya tarar da abu saura ƙiris, ya sa hannu. Sunan Faransancin yana wanke mai sara tun kafin a tambaye shi dalili. Saboda haka na ƙi rubuta "saran jinƙai", na rubuta "ƙarasawa".

Da abokina ya dawo, ban ba shi haƙuri a kan saran ba, shi ma bai nema ba. Na ba shi haƙuri a kan abin da ya fi wannan: ban taɓa gaya musu cewa abokan gaba a teburina suna iya ƙarasa wanda ya faɗi ba. Yanzu, kafin mu buɗe sabon labari, wannan ce tambayar farko da muke yi wa juna, kuma amsar tana shafin farko na fassarar. Sabon tauraronsa mai magani ne, kuma duk inda wani ya faɗi, shi ke fara isa.