Daga Ɗan Issa: guzurin mai tafiya a ƙaramin jirgin sama

Duk wanda ya san hanyar Maraɗi zuwa Katsina ya san Ɗan Issa. Nan ne zango na ƙarshe a ƙasar Nijar, kimanin kilomita 40 kudu da Maraɗi, cikin gundumar Madarumfa, kafin matafiyi ya tsallake iyaka ya faɗa Jibiya. Garin duwan ne da jandarma, garin ƴan canji da ƴan kamasho da masu ɗaurin kaya, inda manyan motoci ke jeruwa bakin kwalta suna jiran takardu, wake da bisashe na gangarawa kudu, mai da kayan masarufi na haurowa arewa. A irin wannan gari ba a koya wa kowa lissafin kaya. Yaron mota ya san buhu nawa mota ke ɗauka, ya kuma san cewa idan mai kaya ya matsa, bidon ruwa da tayar safiya ake fara saukewa a aza buhu.

Wannan ɗabi'a ce ta sa muka kawo zancen ƙaramin jirgin sama a nan. Ɗan Issa ba shi da filin jirgi, sai Maraɗi. Amma mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin ƙananan jirage: na mishan ɗin SIM da suka yi shekaru suna kai likitoci da magani Galmi da Maraɗi, da na feshin fara da aka gani a 1988 da 2004, da waɗanda ƙungiyoyin agaji ko wani attajiri kan yi shata. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da aka ba kujera a irin wannan jirgi yakan tambayi awa nawa za a yi a sama. Da wuya ya tambayi abin da aka tanada idan inji ya tsaya aka sauka inda ba a yi niyya ba.

Mu ɗauki Cessna 172, jirgi mai inji guda da kujera huɗu, wanda babu irinsa yawa a duniya. Dukan abin da yake iya ɗauka, mutane da mai da kaya, bai wuce kilo 400 ba. Idan aka cika tankunansa, wajen lita 200, mai kaɗai ya cinye fiye da kilo 140. Maza uku masu kilo 70 kowanne sun ɗauke 210. Abin da ya rage bai kai kilo 50 ba, buhun siminti guda ke nan bai cika ba. To, litar ruwa kilo guda ce, kuma mutumin da ke zaune a inuwa cikin zafin hamada bai kamata ya kasa samun lita 5 a yini ba. Mutum uku, kwana uku, lita 45. Ga shi ruwa kaɗai ya cinye ragowar, ba a aza jaka ko ɗaya ba. Sai an sauke wani abu: ko mutum, ko haja, ko a rage mai a ƙara zango. Kuma jirgi ba gingimari ba ne da za a ce Allah ya kiyaye a ƙara masa buhu. A bazara, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, iska takan yi sakayau, fiffike ba ya samun abin riƙo sosai, jirgi mai nauyi sai ya cinye fili bai tashi ba.

Tun da wuri ya yi kaɗan, ƙasar da za a bi ta kanta ita ke zaɓen guzuri. Mai kallon yankin Ɗan Issa daga sama zai ga gari kusa da gari, gona manne da gona, ga kwarin Gulbin Maraɗi da ya shigo daga wajen Jibiya, ga tafkin Madarumfa yana ƙyalli. Kaɗan ne wuraren da suka kai nan cikar jama'a a Nijar. Jirgin da ya sauka a gonar gero a nan, kafin ƙura ta lafa yara sun kewaye shi. Ƙishirwa ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne rauni, musamman da yake gawo da sauran itatuwan da manoma suka riƙa bari a gonaki tun shekarun 1980 sun cika fili, alheri ga gero amma tarko ga fiffike. Saboda haka akwatin magani ne kan gaba: bandeji mai yawa, auduga, abin ɗaure jijiya don tsai da jini, maganin ƙuna, da abin kashe gobara kusa da hannun matuƙi. Sai takardu. Iyaka ba ta da zane a ƙasa, mintoci kaɗan na tafiya sun isa jirgi ya sami kansa cikin jahar Katsina, kuma baƙon da ya faɗo daga sama ba fasfo, ba takardun jirgi, tambayoyin da zai amsa sun fi na mai fasa ƙwauri yawa. A riƙe sefa, a riƙe naira. Ba ma ɓoye cewa satar shanu da satar mutane sun addabi wannan bakin iyaka a shekarun baya-bayan nan. Wanda ya sauka da rana ya nemi mai gari da jandarma tun kafin magariba.

Arewa kuwa wata duniya ce. Daga Maraɗi zuwa Agadas kusan kilomita 400 ne a sama, kuma da an wuce Dakwaro gonaki na ƙarewa, rijiyoyi na nisa da juna, waya na ɗaukewa. Gabas da Abzin sai Tenere. A can ruwa ne sarki, kuma kada a zuba shi a mazubi ɗaya: bido huɗu ƙanana sun fi babba guda, domin idan ɗaya ya fashe a saukar dole saura na nan. Madugan ayarin gishirin Bilma, waɗanda raƙumansu ke gangarowa har kasuwannin ƙasar Hausa neman gero, sun riga matuƙa gane wannan da ɗaruruwan shekaru. Ba su dogara ga salka ɗaya, kuma sukan ajiye damman ciyawa a hanya domin komowa. Bayan ruwa sai inuwa: tamfol mara nauyi da igiya, a ɗaura jikin fiffike, da rawani. Sai bargo, domin a Disamba da Janairu sanyin dare a hamada yakan kusa daskarar da ruwa. Abinci shi ne na ƙarshe. Dabino ya isa. Kilishi, duk da daɗinsa da rashin nauyinsa, gishiri da yajinsa ruwa suke ci, gara a bar shi a kasuwa.

Tarihin Sahara ya nuna cewa wanda ya tsira daga faɗuwa, abin da ke kashe shi shi ne rashin a gan shi. A watan Afrilu na 1933 wani matuƙi Bature, Bill Lancaster, ya tashi daga Reggan ta Aljeriya ya nufi Gawo, jirginsa ya faɗi cikin dare. Ya yi kwana 8 a ƙarƙashin fiffike yana tsimin ruwa, yana ƙona ƙyallen jikin jirgi ko masu nema za su hango wuta, yana rubuta halin da yake ciki. Sojan Faransa ne suka tsinci gawarsa da littafinsa a 1962. Ya yi abin da ya dace, bai bar jirgi ba, amma ya kauce daga hanyar da ake nemansa kuma ba shi da abin kira. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan firaministar Ingila, ya ɓace kwana 6 a tseren Paris–Dakar. Shi da abokan tafiyarsa sun zauna jikin motarsu har jirgin sojan Aljeriya ya hango su. Namu abin baƙin cikin ya fi kusa: a Oktoban 2013 an tsinci gawa 92, akasari mata da yara, a arewacin Arlit, bayan motocinsu sun lalace sun watsu neman ruwa. Daga sama ana ganin jirgi ko mota, ba a ganin mutum mai tafiya a ƙasa.

Abin da Lancaster ya rasa yau yana shiga aljihu. Akwai na'urar kiran ceto da ke aika alama zuwa taurarin ɗan adam na tsarin Cospas-Sarsat a kan megahaz 406, ta faɗi ko wane jirgi ne da inda yake. A lura: tun 1 ga Fabrairun 2009 taurarin suka daina sauraren tsofaffin na'urori masu megahaz 121.5, kuma tsofaffin jirage da yawa sun zo Afirka da irinsu. Fasinja yana da haƙƙin ya tambayi matuƙi wace iri ce a jirgin, kuma ko an yi mata rajista. Wayar Thuraya, wadda direbobin Agadas suka sani sarai, ita ma ta cancanci nauyinta, muddin batirinta cike yake. Amma kada a raina madubi. Ba ya cin batir, kuma walƙiyarsa da rana tana kai wa kilomita masu yawa. A haɗa da tocila, da ashana, da wuƙa, da taswirar takarda.

Waɗannan ƙananan abubuwa a jiki ake sa su, cikin aljihun riga, ba a bayan kujera ba. Jirgin da ya kama wuta ba ya ba mutum damar komawa ɗaukar jaka. Haka nan kafin a tashi matuƙi ya ajiye takardar tsarin tafiya a hannun ma'aikatan ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar sama tun 1959, fasinja kuma ya gaya wa wani na gida hanyar da za a bi da lokacin sauka, da wanda zai kira idan lokacin ya wuce da awa guda bai ji shi ba.